Tayar da Bajamushe ya cire, ita muke ɗaurawa

Da watan Oktoba ya kama, garejojin Jamus sukan cika maƙil, sai an ba mutum rana kafin a taɓa motarsa. Ba lalacewa motocin suka yi ba, lokacin canjin taya ne. Mafi yawan masu mota a nan saiti biyu gare su, na hunturu da na lokacin zafi, kuma al'adarsu ita ce a ɗaura ta hunturu daga Oktoba zuwa bikin Ista. Tun 2010 doka ta hana hawa titi da tayar zafi alhali akwai ƙanƙara a ƙasa. Duk wanda ya saɓa, yanzu tarar Yuro 60 ce ta hau kansa, a kuma rubuta masa makin laifi ɗaya a rajistar direbobi da ke Flensburg. Zurfin zanen taya kuwa bai halatta ya gaza milimita 1.6 ba, kuma duk shekara biyu sai an kai mota wurin masu binciken lafiyarta sun auna. Ƙungiyar masu motoci ta ADAC ma cewa take tayar hunturu in ta sauka ƙasa da milimita 4 a rabu da ita.

Wadda aka rabu da itan fa, ina take zuwa? Wasu ana niƙe su, wasu ana ƙonawa a kamfanonin siminti. Waɗanda suka rage da ɗan kyan gani sai dillalai su tsince, a cusa wata cikin wata don kontena ta ɗauki da yawa, a loda a Hamburg ko Antwerp, su sauka Kwatano ko Lome. Bayan 'yan watanni ga su a Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna, an wanke an shafa musu baƙi, sunansu ya koma 'yar Beljiyam.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, a takarda mun fi Jamusawa tsanani. Najeriya ta haramta shigo da tsofaffin tayoyin ƙananan motoci kwata-kwata. Hukumar kiyaye haɗurra ta daɗe tana shelar cewa taya shekara huɗu ce rayuwarta daga ranar da aka ƙera ta. A Jamus babu dokar da ta yanka wa tayar motar gida shekaru. Kamfanoni irin su Michelin cewa suke a riƙa duba ta kowace shekara in ta haura biyar, kada kuma ta wuce goma. Sayar da tsohuwar taya ma halal ne a nan, ɗalibai da masu ƙaramin ƙarfi suna saye a intanet ba wanda ya zage su. Amma a hanyarmu ne tayoyi ke fashewa, ba a tasu ba, duk da cewa wasu manyan titunansu ko iyakar gudu babu.

Don haka ni ban yarda da masu cewa laifin gwanjo ne ba, ban kuma yarda da 'yan uwana mazauna waje da suke zuwa hutu suna yi wa direbobin tasha wa'azin sayen sabuwa ba. Da wane kuɗin? Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal wajen 2007, Dunlop ta Ikeja ta bi bayanta a 2008, tun daga nan kusan duk tayar da ke birgima a ƙasar daga waje ta zo, farashinta na bin dala. Direban da ke jigila tsakanin Kano da Zariya, yana biyan balas ga mai mota, yana sayen mai, ba zai ajiye kuɗin sababbi huɗu ba don wani ya dawo daga Turai ya ce masa hakan ya dace. Haramcin da aka yi bai hana shigowa ba, abin da ya hana shi ne tantancewa. Kayan da aka ce babu shi a ƙasa, wa zai tsaya ya auna shi? Da an halatta, an sa sharaɗin zurfin zane da shekaru tun daga tashar jirgin ruwa, da rabin shara ba ta iso mu ba.

Cikin sharar nan wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce tayar hunturu. A ido ita ce mai kyau, zanenta rututu, shi ya sa mai saye ke rububinta. Amma robarta an haɗa ta ne ta yi laushi a sanyin da ya gaza digiri 7. Ka ɗauki wannan ka ɗora wa Sharon mai mutum tara da buhunan albasa, a watan Afrilu, kan kwaltar Sakkwato da rana ta haura digiri 40. Za ta cinye da wuri, birki ba zai kama yadda ya kamata ba, zafi kuma ya yi ta taruwa a cikinta. Gane ta ba wuya: akwai hoton dutse mai kai uku da furen ƙanƙara a ciki a gefenta, zanen kuma cike da ƙananan tsagogi sirara. Wanda ya ga wannan ya ajiye, ko da mai shago ya rantse.

Shekarunta ma a jikinta suke. Bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In an kankare wurin, to an san abin da ake ɓoyewa. A duba gefe ko ya tsattsage ko ya yi ƙulu, a leƙa ciki ko an yi mata faci a gefen, a kuma kula da waɗanda aka bi zanensu da wuƙa mai zafi aka ƙara masa zurfi. Irin waɗannan suna kama da tsohuwar riga da ta sha shuni da bugu, sai an sa ta a jiki take nuna halinta.

Sai maganar iska, wadda ko sisi ba ta ci. Mai facinmu gwani ne, zai gyara tayar da Bajamushe zai ce a jefar, wannan kam na sara masa. Sai dai da yawa awonsu bugun ƙafa ne ko gejin da ya daɗe da mutuwa, kuma direba da kansa ke cewa a ƙara don ta ɗauki kaya. Adadin da kamfani ya tsara yana liƙe a jikin ƙofar direba ko murfin tanki, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi.

Akwai wurin da har yau muke musu da ƙanena mai tuƙa haya. In kuɗin biyu kawai ya samu, gaba yake sa sababbin, don a cewarsa sitiyari na gaba. A nan garejoji baya suke sawa. Hujjarsu ita ce in gaba ta zame, direba na jinta a hannu ya rage gudu, amma in baya ta kufce a kan jiƙaƙƙen titi, motar juyawa take gaba ɗaya. Ya ce mini wannan lissafin masu ruwan sama wata goma sha biyu ne. Na ce masa Agusta na nan tafe, kuma hanyar Zariya ba rufi gare ta ba.