Ina waƙar gaiwa, ina ta ayu?

Jiya da daddare 'yata ta kawo mini littafinta na Turanci. An ba su haddar wata 'yar waƙa a kan ƙaton dabban nan na teku da ke fesa ruwa ta tsakar kansa. Ta rera mini tsaf, har tana kwaikwayon yadda yake kaɗa jela. Da ta gama sai ta ce, "Baba, mu ma muna da irin wannan da Hausa?" Na buɗe baki zan ce mata eh, sai na tsaya. Na laluba abin da na haddace tun ina yaro, waƙoƙin wa'azi, na siyasa, na bege, na soyayya, na damina, na sarakuna. A duk abin da na karanta ko na saurara, ban tuna baiti biyar a jere da wani ya tsaya ya ƙura wa wata halittar ruwa ido ya waƙe ta don kanta ba. Abin ya tsaya mini a rai har na kasa barci.

Na taɓa tayar da maganar nan a cikin abokaina marubuta, amsar kuwa kullum ɗaya ce: "Malam, mu ai ba mu da teku." Wannan uzuri ne ban yarda da shi ba, kuma shi ya sa nake wannan dogon rubutu.

Mu fara da kalmar da ba Bahaushen da zai wuni bai furta ta ba: kuɗi. Kuɗi jam'in wuri ne. Wuri kuwa gidan wata 'yar dabba ce ta teku, dangin dodon koɗi, wadda ke rayuwa a ruwa marar zurfi, musamman a tsibiran Maldibs da ke tekun Indiya. A da, can ake tsince su da ransu, a zuba a rami har naman ya ruɓe, a wanke ɓawon, a loda wa jiragen ruwa. Ibn Baɗuɗa ya ga yadda ake wannan aiki a tsibiran, daga baya kuma ya zo ya tarar ana ciniki da wurin a Mali da Gao. Lokacin da Bature Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, wuri 2,500 ake canzar dalar azurfa ɗaya. Da wannan ɓawo kakanninmu suka biya sadaki, suka biya haraji, suka sayi doki, suka yi wa ƙwarya da kan 'yan mata ado. Dabbar da ta yi tafiyar dubban kilomitoci ta zo ta zauna a harshenmu daram, amma ba mu taɓa tambayar yaya take tana da rai ba.

Ga murjani. Muna raɗa wa 'ya'yanmu Murjanatu, iyayenmu mata sun ɗaura shi a wuya da hannu, amma da yawanmu dutse muka ɗauke shi. Ƙashin wasu mitsi-mitsin dabbobi ne da ke taruwa su yi gini a ƙarƙashin teku, a shekara guda tsawonsa bai fi 'yan milimitoci yake ƙaruwa ba. Jan murjanin daga Bahar Rum yake fitowa, raƙuma suka ƙetaro da shi Sahara. Ga kuma farcen da 'yan'uwanmu mata ke soyawa su daka su zuba a humra da turaren wuta, daga Maiduguri har Injamena da Sudan: murfin ƙofar wata katantanwar teku ne, da shi take rufe kanta idan ta ji tsoro. Amaryar da aka turara a Kano ko Damagaram, ƙamshin teku ne a jikinta. To ta ina aka ce ba mu da teku? Balle ga dubban Hausawa da aka haifa a Legas da Ankara da Kwatano da Fot Sudan, waɗanda ke jin rurin igiyar ruwa daga ɗakunansu, ga kakannin da suka tafi Hajji a ƙasa suka hau jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda.

A makarantar allo ma ba mu tsira daga teku ba. Mun karanta labarin Annabi Yunusa a cikin kifi, cikin duhu a kan duhu yana tasbihi. Mun karanta kifin guzurin Annabi Musa da ya kama hanyarsa a mahaɗar tekuna biyu. Kullum muna bita a Suratur Rahman cewa lu'ulu'u da murjani na fitowa daga cikinsu. A hadisi mun ji rundunar Abu Ubaida, mutum wajen 300, yunwa ta ci su har suna cin ganye, sai teku ta jefo musu wata dabba da ake kira anbar, suka yi kwanaki suna ci, har aka kafa ƙashin haƙarƙarinta mutum ya wuce ta ƙarƙashi a kan raƙumi. Wane mawaƙi ne zai ji wannan ya ce ba shi da abin faɗa? Abin da ya fi ba ni mamaki ma, ma'aunin da rubutacciyar waƙarmu ke hawa, wanda Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na 8, sunan kowane guda bahar ne, wato teku. Bahar 16 ne, su Ɗawil da Basiɗ da Kamil da Wafir. Sama da shekara 200 malamanmu na iyo a cikinsu, mu kuma muka gada, amma har yau ba mu saki kifi ko ɗaya a ciki ba.

Amma ni ba ma tekun ce ta fi damuna ba. Ruwan da ke bayan gidanmu ne.

Ni ɗan fadamar Haɗejiya ne. Ina da shekara tara ko goma, da bazara, ƙasa ta bushe ta tsattsage kamar tafin ƙafar manomi, kawuna ya ce in ɗauko fartanya in biyo shi. Muka shiga tsakiyar inda da damina ruwa ke shanye mutum. Yana tafe yana duban ƙasa, can ya tsaya a kan wata 'yar huda da ba ta fi bakin kwalba ba. Ya ce, "Tona nan, ɗana, amma a hankali." Na yi ta tono har hannuna ya nutse, sai ya karɓa ya ciro wani curin laka. Ya ɓare shi da yatsa. A ciki akwai wata fata ruwan ƙasa, siririya kamar busasshen ganyen masara, a cikinta kuma ga gaiwa a naɗe, ta lanƙwaso jelarta ta rufe fuskarta. Na ce, "Kawu, ai ta mutu." Ya yi murmushi bai ce komai ba. Da muka koma gida ya jefa ta a daro ya zuba ruwa. Ba a jima ba fatar ta saki, jikin ya motsa, ta ɗago kai saman ruwa ta zuƙi iska. Na yi ihu har Inna ta fito daga madafa da muciya a hannu.

Sai da na girma na karanta abin da masana suka gano: gaiwa na da huhu, tana shaƙar iska kamar mu. Idan ruwa ya janye sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta har ya bushe ya zame mata riga, ta bar 'yar kafa daidai bakinta. Zuciyarta ta rage bugu, ta daina ci, ta rinƙa rayuwa da tsokar jikinta wata da watanni har ruwan sama ya sauko. Bahaushe ya riga ya san wannan tun kafin a ƙera madubin likita, shi ya sa yake cewa gaiwa jikinta take ci. Ku dube ta da kyau, don Allah. Halittar da ke haƙa kabarinta da kanta, ta saka likkafaninta, ta kwanta tana jiran damina, sannan ta tashi. Malamin da ke son kwatanta tashin ƙiyama, ko mawaƙin da ke son faɗin halin talakan da ke cin jikinsa tsakanin girbi da girbi, me zai nema da ya wuce wannan? Amma mu iyakar abin da muka yi da ita shi ne mu jefi mai ɓarnar dukiyarsa da sunanta.

Haka minjirya, wadda ke ɗauke da wuta a jikinta da kan haura bolt 300, ta bugi babban mutum ya saki koma. Larabawa tsawa suke kiranta. Haka ƙurungu mai gurnani da ƙayarsa idan an kama shi, wani jinsinsa ma a rigingine yake iyo. Haka karfasa, wadda uwar ke ɗauke ƙwanta a baki, ta haƙura da ci har su ƙyanƙyashe, in 'ya'yan suka ga haɗari su ruga su koma bakin nata. Mun sha waƙe uwa, kuma ta cancanta, amma wannan uwar ba wanda ya tuna da ita sai an zo sa ta a mai.

Kada wani ya ce na manta da makaɗan fada. Ban manta ba. Sun ambaci kada, sun ambaci dorina, kuma sun yi da gwaninta. Sai dai ku saurara da kyau, sarki suke nufi. Aron haƙorin kada aka yi don a tsorata abokin gaba, kadan kansa da ke shanya baki a kan yashi ba shi ake kallo ba. Karin maganarmu ma haka: kifin rijiya, mutum ake nufi, kifi na ganinka mai jar koma, mutum ake nufi. Waɗanda suka kalli halittun ruwa da idon basira su ne Sarkawa da sauran masunta, a kirarinsu da kiɗansu na su, kuma su ne ba mu rubuta nasu ba, don wasunmu har gobe ƙarni suke ji idan masunci ya zauna kusa da su. Wannan raini ne, kuma mu masu alƙalami mu muka yi asara.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne ayu. Tambayi matashi goma a yau mene ne ayu, tara za su ce maka wani mai ne da ake sayarwa a kayan mata, na goman ya ce zagi ne da ake yi wa mai jaraba. Alhali dabba ce mai sanyin hali, mai kai tsawon mita uku, ciyawar ruwa take kiwo kamar saniya, ta leƙo da hancinta kawai ta shaƙi iska ta koma. Tana gaɓar teku tun daga Sanagal har Angola, tana kuma hawowa kogin Kwara da Binuwai, wato ita ce ma ta haɗa tekun da ake cewa ba mu da ita da kogunanmu. Cikinta kan yi wajen shekara, ɗa ɗaya take haifa, ta shayar da shi da nonon da ke ƙarƙashin hammatarta, sai ta jima kafin ta sake haihuwa. Tun 2013 aka sa ta a jerin dabbobin da aka haramta cinikinsu tsakanin ƙasashe saboda ƙarewa take. Mun san farashin kwalbar manta, ba mu san fuskarta ba.

Kuma lokaci ba ya jiranmu. Tafkin Chadi da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya tsuke ƙwarai a shekarun fari na 1970 da 1980, rikici kuma ya zo ya tarwatsa masuntan Baga da ke cika kasuwanninmu da banda. A wajenmu, tun da aka datse ruwa a Tiga a 1974, aka ƙara da Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadama ta sauya, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Yaran birni yanzu kifi biyu suka sani, tarwadar da ake kiwo a tanki da na ƙanƙara da ake shigowa da shi cikin kwali. Ko bikin Argungu, wanda aka faro a 1934, UNESCO ta sa shi a jerin al'adun duniya a 2016, abin da muke ɗauka daga gare shi shi ne nauyi a sikeli da kyautar mota. Kifi mai kilo 75 ya fito daga kogin Matan Fada a 2005, kowa ya tafa wa wanda ya kama. Shekara nawa kifin ya yi a gurbinsa, koma nawa ya tsallake, me ya gani da dubban mutane suka auka masa da gora da homa a lokaci ɗaya, wannan aikin mawaƙi ne, kuma yana nan ba a yi ba.

Wani zai ce ana fama da tsadar abinci da rashin tsaro, wa ke ta waƙar kifi? Na ji, kuma ni ma a cikin halin nake. Waƙa ba za ta buɗe madatsar ruwa ba. Amma na ga yadda yaro ke hana a jefi abin da ya haddace waƙarsa. 'Yata ba ta taɓa ganin teku ba, amma yanzu in ta ga an nuna wancan dabban a talabijin ya maƙale a raga, hawaye take yi. Baiti takwas ne suka yi wannan aikin. Ayu ba shi da ko ɗaya.

Roƙona ga marubuta waƙa, musamman matasan da ke cika Facebook da baitoci masu daɗi kullum: kada ku zauna a ɗaki ku fassaro waƙar wani a kan dabbar da ba ku taɓa gani ba. Ku je Yawuri, ku je Nguru, ku je Gaya ta Nijar, ku zauna a bakin kwalekwale da asuba. Ku gaida Sarkin Ruwa, ku tambayi tsofaffi, ku taɓa kifin da hannunku, ku ji santsinsa da ƙarninsa, sannan ku ɗauki biro.

Da safen nan na kira Kawu a waya. Ya tsufa, ido ya yi rauni, ya daina shiga ruwa. Na ce, "Kawu, lissafo mini kifayen da kuke kamawa da." Ya fara: tsage, yauni, bargi, ragon ruwa, rajiya, talibambam. Ya yi ta jerowa ina rubutawa a bayan ambulan, har na ƙirga ashirin da 'yan kai. Wasu in ya faɗa sai ya ɗan yi shiru, ya ce wannan rabona da ganinsa tun kafin a haife ka. Na ce masa ran Juma'a ina tafe, kuma da jikarsa zan zo. Ya ce in zo da fartanya.