Takardun Kumran Ba Su Raba Gardamar Attaura Ba

Duk lokacin da muhawara ta tashi kan ingancin Attaura da sauran littattafan Yahudawa na dā, sai wani ɓangare ya kafa hujja da takardun Kumran, wato tsofaffin rubuce-rubucen Yahudawa da aka gano a kogunan Kumran, kamar sun kashe bakin kowa, wani ɓangaren kuma ya yi watsi da su tun bai san abin da suka ƙunsa ba. A ganina dukansu sun yi gaggawa.

Kafin makiyaya Larabawa su ci karo da waɗannan takardu a kogunan da ke gefen Tekun Gishiri a 1947, cikakken kwafin littattafan nan da Ibrananci mafi tsufa da ke hannun masana shi ne wanda ake kira na Leningrad, wanda aka rubuta wajen shekarar 1008. Sai ga littafin Ishaya ya fito daga kogo, ya girme shi da fiye da shekara dubu, kuma da aka gwada su aka tarar yawancin bambancin na rubutun kalmomi ne. Wannan shaida ce babba ga amanar masu kwafi, kuma bai kamata a raina ta ba. To amma kogunan nan su ne kuma suka fito da guntayen littafin Irmiya da Ibrananci waɗanda suka dace da tsohuwar fassarar Girkanci, wadda ta gaza nassin da Yahudawa ke karantawa yau da kusan kashi ɗaya cikin takwas, jerin babobinta ma daban. Ke nan a zamani guda an yi ta karanta Irmiya iri biyu.

Wanda ya saba da ilimin hadisi ya san cewa tsufan takarda ba ya maye gurbin isnadi, domin ingancin kwafi bai faɗa mana wanda ya fara rubutawa ba. Babi na 34 na Maimaitawar Shari'a, littafi na ƙarshe a Attaura, ya ba da labarin rasuwar Annabi Musa da binne shi, abin da ya sa a cikin Talmud kansa, wato kundin bayanan malaman Yahudawa, aka kawo ra'ayin cewa Yusha'u ne ya rubuta ayoyi takwas na ƙarshe. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya tono irin waɗannan wurare ƙarni takwas kafin Bajamushe Wellhausen ya fito da nazarinsa kan yadda aka harhaɗa Attaura a 1878.

Ta fuskar tarihi kuwa, shaidar tana ƙaruwa ne gwargwadon kusantowar zamani. Harin da Sennakerib na Assuriya ya kai wa Yahuda a 701 kafin haihuwar Annabi Isa yana cikin littafin Sarakuna, yana kuma cikin rubutun sarkin kansa, inda ya yi alfaharin tsare Hezekiya, sarkin Yahuda, kamar tsuntsu a keji. Dutsen Tel Dan da aka tono a 1993 ya ambaci gidan Dawuda. Idan aka ƙara komawa baya, ambaton Isra'ila mafi tsufa a wajen littattafan shi ne layi ɗaya a dutsen Fir'auna Merneptah na wajen 1208 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma a can ma cewa ya yi ya hallaka su.