Nasarawa ba zanen Turawa ba ce zalla

Batun da wani marubuci ya yi a labarinsa cewa gidajen unguwar Nasarawa a Kano tsarin Ingila ne daga tushe har rufi, akwai gyara. Shimfiɗar unguwar dai ta Turawa ce: faffaɗan fili ga kowane gida, baranda, ɗakin boyi a baya. Amma gidajen farko magina Hausawa ne suka tayar da su, da tubali da azara da daurin guga, don siminti da kwano ba su wadata ba sai da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Duk mai shakka ya leƙa Gidan Ɗan Hausa, inda Baturen nan Hanns Vischer, da ake kira Ɗan Hausa, ya zauna, shi da ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909. Ginin ƙasa ne, har yau yana tsaye, cikinsa sanyi ƙalau ko a bazara. Sannan labarin ya tsallake dalilin filayen nan da yake yabo. Dokar zamanin Gwamna Lugga ce ta sa a bar tazarar yadi 440 tsakanin Bature da baƙin mutum, wai gudun cizon sauro. Haka kuma aka ware Sabon Gari can gefe a 1913, aka cusa 'yan Kudu. Malam mai cewa a rushe tsofaffin gidajen tunda kayan mulkin mallaka ne, to plazar da ake dasawa bayan an sare bishiyoyi an yanyanka filin, gadon wa ke nan?