Kafin ka sayi jakar barci, ka tuna a Kebbi za ka kwana

Sanyi ya fara leƙowa, kuma tun yanzu matasanmu sun fara tura wa juna hotunan jakar barci irin ta Turawa, wadda mutum ke shiga ciki ya ja zif har wuya. Wani sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Dakingari za shi, wani ɗan agaji ne da zai kwana biyu a filin wa'azi, wani kuma noman rani ne zai kai shi fadamar Suru ko ta Argungu ya riƙa kwana kusa da injin ban-ruwa don kada a ɗauke masa. Ga 'yan kasuwar da dare ke riska a Kamba. Buƙatarsu duka ɗaya ce: abin rufa mara nauyi da zai shiga jakar goyo, wanda kuma ba zai cinye kuɗin guzuri ba. Ni dai ra'ayina a fili yake. Yawancin jakunkunan da ake yi mana talla ba don irin sanyinmu aka ɗinka su ba, duk wanda ya zuba kuɗinsa a kansu nauyi da zufa ya saya.

Sanyinmu na Disamba da Janairu ne, ya ɗan taɓa Fabrairu. A wajejen Birnin Kebbi dare kan sauka zuwa kusan digiri 15, a bakin ruwa kuma da goshin asuba yakan yi ƙasa da haka, musamman idan jaura ta taso. Yana da zafin shiga jiki, ba na musu, amma bai kai ruwa ya daskare ba. Jakar da aka rubuta mata digiri 10 ƙasa da sifili don masu kwana cikin ƙanƙara aka yi ta. Ka shige ta a Jega, kafin tsakar dare ka jiƙe sharkaf, ka buɗe zif, iska ta bugi jiƙaƙƙen jiki, gari ya waye kana mura. Da an shiga Maris kuwa, rana ta fara neman digiri 40, sai ajiya har wata shekara.

Akwai wata dabara ta masu sayarwa da nake so 'yan uwa su gane. Jakar da aka gwada da gaske tana ɗauke da alamar ISO 23537, ko tsohuwar alama EN 13537, tare da lambobi uku. Ana samo su ne ta hanyar sa wani mutum-mutumi mai ɗumi a cikin jakar a auna yawan zafin da ke fita. Lamba ta farko ita ce sanyin da mace za ta yi barcinta daram a cikinsa. Ta biyu sanyin da namiji zai iya jurewa idan ya ƙudundune. Ta uku ba ta barci ba ce sam, iyakar da mutum zai kai wasu 'yan sa'o'i yana karkarwa bai mutu ba ce. To wannan ta ukun, da yake ita ta fi ban tsoro, ita mai kaya zai nuna maka da yatsa. Kai ta farko za ka duba, idan tana wajen digiri 10 ta ishe ka kwana ko'ina tsakanin Yawuri da Kangiwa. Jakar da ba ta da wannan alama, lambar jikinta mai ɗinkin ne ya rubuta abin da ya ga dama, hannunka da idonka sun fi ta gaskiya.

Abin da ya fi damuna shi ne kowa hankalinsa na kan abin rufa, ba mai maganar abin shimfiɗa. Alhali ko a wancan gwajin, a kan shimfiɗa ake kwantar da mutum-mutumin, kuma da tufafi a jikinsa. Abin da ke riƙe ɗumi a cikin bargo ko jaka iska ce da ta maƙale tsakanin zare da zare. Ɓangaren da ka danne da bayanka ya lafe, iskar ta fita, saura ƙyalle kawai tsakaninka da ƙasa. Ita kuma ƙasa, balle ta fadama mai laima, tsotse ɗumin jiki take yi har gari ya waye. Duk wanda ya taɓa kwanan gona ya san wannan farkawar ta ƙarfe huɗu: ƙirji da ɗumi, amma ƙugu da kafaɗar da ke ƙasa sun yi sanyi ƙalau, ka juya wancan gefen, bayan ɗan lokaci shi ma ya ɗauka. Ƙara bargo a sama ba ya maganin wannan. Shi ya sa nake cewa idan kuɗinka kaɗan ne, ka raba su biyu, rabi ya tafi ƙasa. A fara da leda mai kauri ko guntun tamfol don tare laima, a ɗora siririyar katifar roba mai tauri, irin wadda ake naɗewa a ɗaure a bayan jaka. Ita ba ta shan ruwa, ba kamar soson katifar gida ba. Katifun da ake hura wa iska da baki suna da daɗin kwanciya, amma ƙasarmu ta ƙaya ce, tsidau ɗaya ya isa ya sauke ka ƙasa cikin dare. Idan ba ka da ko ɗaya, kwali ninki biyu ko bambaron shinkafa a ƙarƙashin tabarma yana aiki sosai, sai dai a kakkaɓe shi da fitila a hannu saboda kunama.

Wannan dalilin ne ya sa masu doguwar tafiyar ƙafa da yawa a Amurka suka bar jaka mai zagaye jiki suka koma lulluɓi mara baya, wanda aka ɗinke masa wajen sa ƙafa kawai. Tunda abin da ke ƙarƙashinka ba ya ɗumama ka, me zai sa ka goya shi? A wajenmu ma ya fi dacewa, domin dare ɗaya kan fara da ɗumi ya ƙare da sanyi. Da farkon dare ka yafa shi a ƙafa, can da asuba ka ja shi har kunne. Kuma ba sai an yo maka odarsa ba. Ka sayi yadin nan mai laushi da ake ɗinka rigar sanyi da shi, tsawonka da ƙarin taƙi ɗaya, faɗi ya kusa mita ɗaya da rabi. Tela ya ɗora masa siririn yadin nailan a waje don tare iska, ya naɗe ƙasan ya ɗinke har zuwa gwiwa ya zama aljihun ƙafa. Aikin yini ɗaya ne, kuma nauyinsa bai kai rabin na bargon gida ba, wannan mai zanen fure da ke kaiwa kilo 3 ko 4 ya cika jaka shi kaɗai.

Wanda ya nace sai jaka, to abin da aka cusa mata iri biyu ne. Akwai lallausan gashin agwagwa ko dinya, akwai audugar roba irin ta cikin matashin kai. Gashin ya fi rashin nauyi, ya fi matsuwa, ya fi daɗewa, ba wanda zai ƙi shi don ƙarancin inganci. Amma yana da tsada, kuma da raɓa ta jiƙa shi sai ya cure ya lafe kamar jiƙaƙƙiyar kaza, ɗumi ya tafi, bushewa kuma sai an sha jira. Ga ƙurar hunturu da ke tilasta wanki a kai a kai, shi kuwa ba ya son wankin sabulu da murza. Audugar roba ta fi nauyi kaɗan, amma ko da ta yi laima tana riƙe wani ɗumi, ka wanke ta da safe la'asar ta bushe. Ita nake ba talaka shawara, ba kuma don talauci kawai ba. A zaɓi mai kusurwa huɗu wadda zif ɗinta ke zagayewa har ƙafa, yadda za a buɗe ta gaba ɗaya ta koma bargo.

A wajen 'yan gwanjo ake dacewa da masu kyau da araha, idan mutum ya yi haƙurin dubawa. Ka ja zif ɗin sama da ƙasa, ba sau ɗaya ba. Ka ɗaga jakar ta fuskanci rana: inda haske ya ratso fayau, audugar wurin ta gudu, nan sanyi zai shigo. Ka matse ta da hannu ka saki, idan ba ta taso ba ta gama aiki. Ka shinshina, warin funfuna ba ya fita da sauƙi. Sannan ka bi layin ɗinki da farce kana neman baƙaƙen ɗige-ɗige, alamar kuɗin cizo ke nan. Ko ba ka ga komai ba, a wanke da ruwan zafi a shanya a rana sosai kafin ta shiga ɗaki.

Ba na raina gwado da luru na kakanninmu. Saƙa ce mai ƙarko, kuma tana da wata fa'ida babba: tartsatsi ya faɗa mata, sai dai ya yi ɗan tabo. Nailan kuwa narkewa yake yi ya manne wa fata. Mu mutane ne masu kwana kusa da wuta idan sanyi ya matsa, don haka mai jakar roba ya ja da baya sosai, kada kuma a shiga bukka da garwashin gawayi a rufe ƙofa, hayaƙinsa mara wari yana kashe mai barci. Aibin gwado ɗaya ne ga mai tafiya a ƙafa: nauyi, idan ya jiƙe kuma nauyin ya ƙaru.

Kada wani ya ce jaka za ta tare masa sauro. Fuska a waje take, kuma fadamar da ake ban-ruwa ba ta rabuwa da sauro ko da sanyi. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Kebbi suna ɗauke da ƙwayar zazzabin cizon sauro, mafi yawa a duk Najeriya. Gidan sauro mai magani bai da wani nauyi, sanda huɗu da igiya sun isa a kafa shi a fili. Gara a rage kuɗin jaka a saye shi.

Sauran ƙananan abubuwa ne masu sauƙin kuɗi. Hular sanyi da busasshiyar safa suna ƙara ɗumi fiye da yadda ake zato. Kada a kwanta da rigar da aka yi zufa a cikinta, kada kuma a cusa kai cikin jaka ana numfashi, tururin baki jiƙa ta yake yi. Idan an dawo gida a fitar da ita daga ƙaramin buhunta a rataye ko a sa ta a babban buhu sakwa-sakwa, domin daɗewa a matse yana kashe audugar. Kafin ranar tafiya kuma, ka shimfiɗa kayanka duka a tsakar gida ka kwana a kansu har kiran sallar asuba. Idan akwai abin da ya gaza, ɗakinka na kusa, tela ma yana nan kafin mota ta tashi.