Wa ya tuna da Bagauda Kaltho?

Jiya a majalisarmu wani yaro da ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin Abacha yake ta rantsuwa wai gara soja su dawo. Ban yi masa musu ba, tambaya ɗaya na yi masa, na ce ka san Bagauda Kaltho? Ya ce a'a. Wallahi abin ya tsaya min a rai har yanzu da nake wannan rubutun.

James Bagauda Kaltho ɗan Billiri ne ta jihar Gombe, wakilin mujallar TheNews a Kaduna. Mu nan Arewa mun saba cewa jaridun da suka yi fito-na-fito da soja ai jaridun Legas ne, rigimar 'yan Kudu ce, alhali ga namu nan a tsakiyar Kaduna, garin da ke cike da sojoji, yana kwaso labarin da kowa ke tsoron ko da raɗawa ne. A lokacin fa an riga an ɗaure abokin aikinsa Kunle Ajibade tun 1995, ɗaurin rai da rai kan labarin juyin mulki kafin a mayar da shi shekara 15, Bagauda ya san wannan sarai amma bai ajiye alƙalami ba.

Ina tuna mai jaridar da nake saye wurinsa, in ka ce Tempo, 'yar'uwar TheNews, kake so sai ya waiga hagu ya waiga dama, ya zaro ta daga ƙarƙashin benci ya naɗe maka a cikin wata jaridar, ko kallon fuskarka ba zai yi ba, kai ma sai ka kai gida ka kulle ƙofa kafin ka buɗe. Mai karatu kenan fa, to ina ga wanda ya rubuta.

Daga nan aka nemi Bagauda aka rasa, kamar ƙasa ta haɗiye shi. Shiru shiru har Abacha ya rasu a watan Yunin 1998, sai ga ɗan sanda Zakari Biu a watan Agusta yana gaya wa 'yan jarida wai Bagauda ne mutumin da bam ya tashi da shi a otal ɗin Durbar na Kaduna a Janairun 1996, wai shi ya je dasawa. Ni dai ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba. In da gaske ne me ya hana a faɗa tun a lokacin? Fiye da shekara biyu matarsa na bin ofis ofis tana nema, ba wanda ya ce mata uffan.

Ta je har gaban kwamitin Oputa, mai binciken take haƙƙin ɗan Adam, ta kai kukanta. Gawar ma ba a ba su ba, babu kabarin da 'ya'yansa za su tsaya a kai. Otal ɗin kuwa an rushe shi a 2020, aka bar wurin fili kawai.