Masu dariyar 'yan matan da suka sauka a Tunis, ku bambance min DKA da DKR

Tun watan Satumban 2025 da bidiyon nan ya karaɗe TikTok, na 'yan matan Amurka biyu da suka tashi daga Roma da niyyar zuwa birnin Nice na Faransa amma jirgi ya kai su Tunis, babban birnin Tunisiya, har yau ba a daina turo min shi ba. Kowa da taken da yake ɗora masa: ga jahilai, ga 'yan gatan da ba su taɓa buɗe taswira ba. Na yi dariya a karon farko, ba zan ɓoye ba. Da aka kai karo na goma abin ya fara ba ni haushi, domin duk masu dariyar sun tsallake mutum guda a labarin, wato wanda ya karɓi kuɗi ya buga tikitin.

Nice dai Nis ake furta shi. A Turanci, wanda zai ce can ya nufa zai ce "to Nice", kuma kunne ba ya raba wannan da Tunis, balle a filin jirgi mai hayaniya. A cewar 'yan matan, da baki suka nemi tikitin. To wa ya kamata ya san da wannan tarko? Baƙuwar da ta zo yawon buɗe ido, ko ma'aikacin da sayar da tikiti ne abincinsa safe da yamma? Tambaya ɗaya ce tak, Faransa ko Tunisiya, da ta kashe maganar tun a kan tebur.

Masu cewa ai da sun karanta tikitinsu, ina so su gwada kansu. A 2013 wasu ma'aurata sun tashi daga Los Angeles za su Dakar ta Senegal. An buga musu DAC a tikiti maimakon DKR, haruffa ukun da ke nufin filin jirgin Dakar, suka sauya jirgi a Istanbul, suka tsinci kansu a Dhaka ta Bangladesh, a wata nahiyar daban. Sun ga haruffan nan uku a tikiti, suka ɗauka Dakar ake nufi, kuma da ni ne haka zan ɗauka. Wanda ke ganin ya fi su wayo ya gaya min filin jirgin da DKA ke nufi. Na Katsina ne. Kano KAN ce, Kaduna KAD, harafi ɗaya ne tsakani. An tsara waɗannan haruffa ne domin ma'aikata da na'urorinsu, sannan idan ma'aikacin ya yi kuskure a ce fasinja ne bai iya karatu ba.

Haka aka yi wa wani ɗalibi ɗan Ghana a 2015, wanda ya samu gurbin karatun likita a ƙasar Guyana, wakilin sayar da tikiti ya tura shi Goiania ta Brazil. Ban ce kowane matafiyi wankakke ne ba. Ɗalibin nan ɗan Holand da ya hango tikiti mai arha a intanet a 2017, ya saya da hannunsa, ya sauka a Sydney ta Kanada cikin sanyi maimakon ta Ostireliya, shi kam arha ce ta ja shi, kuma arha ba ta ado.

Abin da ya fi damuna shi ne mu da muke ƙyaƙyatawa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wace ƙasa ce ta kai mu maimaita sunan gari? Nasarawa jiha ce tun 1996, ƙaramar hukuma ce a cikin jihar, kuma ƙaramar hukuma ce a tsakiyar Kano. Dutse babban birnin Jigawa ne, akwai kuma Dutse a Abuja ta wajen Bwari. Gaya na Kano, Gaya na jihar Dosso a bakin iyakar Nijar da Benin. Illela na Sakkwato daura da Birnin Ƙonni, ga wata Illela a jihar Tawa. Bassa na Filato, Bassa na Kogi. Obi na Binuwai, Obi na Nasarawa. Tudun Wada da Sabon Gari kuwa ba a maganarsu, kusan duk garin da ya amsa sunansa yana da nasa. Sunayen ƙasashenmu biyu ma, Nijar da Najeriya, kogi ɗaya suka ara, kuma duk wanda ya taɓa cike takarda a ƙasar waje ya san yadda ake cakuɗa su.

A tashoshinmu babu ma haruffa ukun da za a duba. Akwai ɗan kamasho da ke ƙwala sunan gari yana haɗiye rabinsa, akwai allon katako a kan mota, sai fasinja da kayansa. Ka ɗauki tsohuwar da ba ta karatun boko, jikanta ya ce mata a waya ta hau motar Birni. Wane Birnin? Birnin Kudu, Birnin Kebbi, ko Birnin Gwari? Ɗan kamashon da burinsa mota ta cika ba zai tsaya tantancewa ba, sai dai ya ce "Hajiya shiga, yanzu za mu tashi." 'Yan matan Amurka sun yi asarar kwana da kuɗin tikiti, sun dawo da miliyoyin masu kallo. Hajiyar tamu za ta sauka ne da magariba a garin da ba ta san kowa ba, guzurinta ya ƙare, a kan hanyoyin da duk mai bin labarai ya san halin da suke ciki. Babu mai ɗaukar ta bidiyo.

Wasu na cewa a sauya wa garuruwa suna. Wannan zancen teburin mai shayi ne, a je a gaya wa Sarkin Gaya ya ajiye sunan garinsu a gani. Wasu kuma sun ce waya ta magance komai. Rubuta Tudun Wada a taswirar wayarka ka ga wadda za ta zaɓa maka. Ni a ganina wayar ma ta ƙara dagula lamarin, domin ta kashe mana al'adar tambaya. Iyayenmu sun ce matambayi ba ya ɓata, kuma kafin su hau mota sai sun tambayi direba, sun tambayi yaron mota, sun tambayi na kusa da su. Matashin yau kunya yake ji a ga yana tambaya, kada a ce baƙauye ne, sai ya toshe kunnuwa da waya ya yi barci.

Amma ko wannan bai wanke mai sayarwa ba, kuma a nan na tsaya. Wanda ya karɓi kuɗinka domin ya kai ka wani wuri, amana ya karɓa. Wajibinsa ne ya maimaita maka sunan garin haɗe da jiharsa ko ƙasarsa kafin ya miƙa maka tikiti, a filin jirgi ne ko a tasha. Hukumar kula da sufurin jiragen sama za ta iya tilasta wannan, ƙungiyar direbobi ta NURTW ma, wadda ba ta taɓa mantawa da karɓar kuɗin lodi ba, za ta iya sa a rubuta sunan jiha a allon kowace mota. Idan kuma aka kai mutum inda bai nufa ba saboda ba a tambaye shi ba, kuɗin komawarsa ya fito daga aljihun wanda ya loda shi.