Ana kukan rashin malamai, an kuma garƙame wa masu son dawowa ƙofa

Makon jiya wata tsohuwar abokiyar aikina ta turo mini hoton wani fom a waya, ta zagaye layi ɗaya da jan biro. Layin na neman shugaban makarantar da take koyarwa ya sa hannu ya buga hatimi. A ƙasan hoton ta rubuta: "Malam, wane shugaban? Shekara huɗu ke nan ba ni da ofis sai gefen gadon Baba." Shekara 11 ta yi tana koyar da lissafi kafin shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da mahaifinta, ta ajiye aiki ta koma jinya. Allah ya karɓi abinsa, ta share hawaye, ta ce bari ta koma aji, sai ta tarar lasisinta na koyarwa ya ƙare tun tana ɗakin jinya. Ba za a sabunta shi ba sai ta kawo shaidar awannin horaswa da sa hannun shugaba. Horaswar kuma masu aiki ake shirya wa. Aikin kuma ba za a ba ta ba sai da lasisi mai rai. Duk ƙofar da ta tura, sai a ce mata mabuɗin yana cikin ɗakin da aka kulle.

Da a ce malamai sun yi wa duniya yawa ne, da na yi shiru. Amma masu riƙe da irin wannan fom su ne dai kullum ke hawa mumbari suna karanto mana alkaluman UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Kowa ya haddace su: rahoton da aka fitar a Fabrairun 2024 ya ce duniya na buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara. Layin da ba su cika son karantowa ba shi ne wanda ya nuna cewa yawan malaman firamare masu barin aiki ya kusa ninkawa, daga kashi 4.6 cikin ɗari a 2015 zuwa sama da kashi 9 a 2022. Randar ta ƙasa take yoyo. Kuma cikin waɗanda suka fita ɗin, da yawa ba sallama suka yi da sana'ar ba. Haihuwa ce ta fitar da wata, jinya ta fitar da wata, wani ƙarin karatu ya tafi, wata kuma sauyin wurin aiki aka yi wa mijinta ta bi shi. Waɗannan su ne malamai mafi araha da kowace hukuma za ta iya samu, don an riga an horar da su, sun riga sun san yadda ake riƙe aji mai hayaniya ranar da aka dawo hutu. Su ne kuma aka fi wahalarwa.

Masu kare tsarin suna da hujja guda da suke ta juyawa kamar waƙa: ilimi na tafiya, dole malami ya riƙa sabunta kansa, kuma lasisi mai wa'adi shi ne tabbacin inganci. To, mu ɗauki maganar da gaske mu ga me ake aunawa. A Amurka, inda aka fi ƙwarewa wajen wannan lissafi, jihar Texas na neman awa 150 na horaswa duk shekara biyar. Pennsylvania, a ƙarƙashin dokarta ta 1999, awa 180 take so. New York ta tsaya a awa 100 tun 2016. Florida maki 120 na horaswa take ƙirgawa. California kuwa ta daina neman awannin gaba ɗaya wajen sabuntawa. Ƙasa ɗaya, sana'a ɗaya, yara iri ɗaya. Da akwai wani bincike da ya gano adadin awannin da ke hana ƙwaƙwalwar malami yin tsatsa, da ba a samu wannan bambancin ba. Lambobi ne da aka tsayar a ɗakin taro domin su cika ido. A Ingila shaidar cancantar koyarwa ba ta da ranar ƙarewa sam, ban kuma ji an ce rufin makarantunsu ya rufta saboda haka ba.

Duk wanda ya taɓa koyarwa ya san yadda ake tara waɗannan awanni. A tara ku a zaure bayan an tashi yara, gajiya ta riga ta cinye kowa. Wani baƙo ya kunna majigi, ya karanta muku abin da ke jikin bango kalma bayan kalma, kamar ba ku iya karatu ba. Na baya suna duba takardun jarrabawa a kan cinya, na tsakiya suna latsa waya. Abu ɗaya ne kowa ke bibiya da ido, takardar rubuta suna, don ita ce ke zama awa. Na taɓa halartar wata bita da aka raba mana takardun shaidar kammalawa kafin mai jawabi ya iso, saboda mai rabawar yana sauri. Ban ce duka haka suke ba, akwai bitar da na fita da abin da har yau nake amfani da shi. Amma fom ɗin sabuntawa bai san bambanci ba. Awa uku na gyangyaɗi da awa uku na ilimi, maki ɗaya suke samu.

Ba ni kaɗai ke wannan ƙorafi ba. A 2015 TNTP, wata ƙungiyar Amurka mai aiki kan ingancin koyarwa, ta binciki wasu manyan gundumomin ilimi uku, ta gano suna kashe kusan dala 18,000 a kan kowane malami duk shekara da sunan bunƙasa ƙwarewa, malamin kuma yana ɓatar da kimanin kwana 19 na aiki a kai. Duk da haka, kusan uku ne kacal cikin goma aikinsu ya inganta sosai a tsawon shekarun da aka duba, masu binciken kuma ba su iya nuna wani nau'in horaswa guda da za a ce shi ne ke kawo ingancin ba. Wannan fa masu bakin aiki ke nan, waɗanda ake kashe wa kuɗi. Da wannan ma'aunin da bai iya auna na cikin aji ba ake so a yanke wa ta ɗakin jinya hukunci.

Sannan a dubi wanda nauyin ke faɗowa kansa. Malamin da ke aiki yana tara awanninsa a lokacin aiki, a harabar makaranta, sau da yawa ko sisi bai biya ba, ofis kuma ya aika da bayanansa. Wanda ke gida shi zai nemi kwas da kansa, ya tabbatar hukuma ta amince da mai bayar da shi, ya biya daga aljihun da albashi ya daina shiga, ya adana kowace takarda shekara biyar. Inda aka ɗora wa masu aikin ma biyan kuɗin, kamar tsarin da hukumar malamai ta Kenya ta ɓullo da shi a 2021, na darussa shida a tsawon shekara 30 da shilin 6,000 duk shekara daga aljihun malami, sai da malamai suka yi ta kuka. Idan mai albashi ya yi kuka, ina ga wadda ta ajiye nata? Wasu wuraren ma ba su tsaya a horaswa ba, kwanakin tsayuwa gaban allo suke ƙirgawa. Jihar Victoria ta Ostireliya na neman kwana 20 na aiki da awa 20 na horaswa kowace shekara ga mai cikakkiyar rajista. Wadda ta fi ba ni dariya ita ce Wisconsin, da ta dawo da lasisin "har abada" a 2017, amma idan ka yi shekara biyar a jere ba ka aikin ilimi, har abadan ta ƙare.

Kada kuma mu yi kamar ba mu san su wa ake nufi ba. Kimanin kashi biyu cikin uku na malaman firamare a duniya mata ne, a makarantun gwamnatin Amurka kuwa sun kai kashi uku cikin huɗu. Idan aka haifi jariri, ko tsoho ya kwanta, kowa ya san wa ke ajiye aiki a mafi yawan gidaje. Doka ba ta rubuta "mace" ko sau ɗaya ba, amma ta san inda sandarta ke sauka.

Inda abin ya fi ƙona mini rai shi ne abin da hukumomin nan ke yi da ɗaya hannun. Florida da ke ƙirga wa tsohon malami maki 120, a 2022 ta buɗe wa tsofaffin sojoji hanyar samun shaidar koyarwa ta wucin gadi ta shekara biyar ba tare da kammala digiri ba. A Texas mai awa 150, kimanin kashi ɗaya cikin uku na sababbin malaman da aka ɗauka a shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 ba su da shaidar koyarwa ko kaɗan. Ban raina soja ba, ban raina matashin da ya shiga aji don neman na kansa ba. Tambayata ga masu waƙar inganci ce: ina ingancin ya shiga a ranar? Wanda bai taɓa rubuta shirin darasi ba an shigo da shi ta taga saboda "halin gaggawa", wadda ta yi shekara 11 tana fitar da yara a lissafi an tsayar da ita a bakin ƙofa saboda ba ta da sa hannun shugaba. Wannan tufka da warwara ce, kuma masu yin ta sun sani. Ƙa'idar tana da tsauri ne kawai a kan wanda ya taɓa bin ta.

Za a ce ai likita ma yana sabunta nasa, matuƙin jirgi ma haka. Matuƙin jirgi ana zaunar da shi a na'urar gwaji a ga ko ya iya sauka, ba a tambayarsa awa nawa ya yi yana kallon majigi. Za a ce manhaja na sauyawa. Tana sauyawa, kuma malamar da ta iya raba kashi-kashi ga yara arba'in za ta karanta sabuwar manhaja a mako biyu, kamar yadda masu bakin aiki suka karanta ta a daren da za a fara amfani da ita. Abu ɗaya ne na yarda ba sassauci a kansa, binciken halin mutum kafin a damƙa masa yaran mutane. A yi shi duk lokacin da mutum zai dawo, a tsananta. Amma wannan aikin kwana kaɗan ne, ba shi da alaƙa da tara awanni.

Ni dai abin da na gani a wannan harka shi ne kasuwa. Duk inda doka ta ce sai da awa kaza, nan take masu sayar da awa za su tsiro kamar ciyawar damina. Kwas a intanet da za ka kunna bidiyo ka tafi wanka, ka dawo ka danna "na gaba", ka biya, a turo maka takarda mai kan sarki. Hukuma ta karɓi kuɗin sabuntawa, mai kwas ya karɓi nasa, an cika fayil, kowa ya gamsu. Yaron da ke zaune a aji ba malamin lissafi tun farkon zango ne kawai ba a tambaya ba.

Maganin ba sabon abu ba ne, wasu ma suna yin rabinsa. A bar lasisi ya yi barci maimakon ya mutu. Pennsylvania ɗin da na zarga ɗazu tana barin malami ya nemi a dakatar masa da agogon idan ya bar aji, ya farkar da shi da awa 30 idan zai dawo, Victoria ma tana da rajistar waɗanda ba sa aiki. Me zai hana hakan ya zama abin da ke faruwa kai tsaye, ba sai mai jinya ta tuna ta cike wani fom tsakanin allurar safe da ta dare ba? Idan ta dawo, a haɗa ta da wani gogaggen malami na zango ɗaya, a shiga ajinta a ga abin da take yi da ido. In ta yi tsatsa za a gani a mako guda. Sauran bayanan tsarin kuwa, waɗanda ake biya albashi don zama a kwamiti su zauna su fitar.

Na kira abokiyar aikin nan tawa shekaranjiya in ji inda aka kwana. Ta ce wani jami'i ya ba ta shawara ta nemi wata makaranta ta riƙa zuwa aikin sa-kai, ko shugaban zai tausaya ya sa mata hannu. Ta je guda biyu. Ta farko ta ce ba ta barin kowa ya tsaya gaban yara sai da lasisi. Ta biyu ta ce ta dawo bayan hutu. A yanzu tana koya wa yara shida lissafi a falonta da yamma, a kan ƙaramin farin allo da ta rataya a ƙusar da hoton mahaifinta yake a da. Uku daga cikin yaran daga makaranta ta farkon suke zuwa.